Farar Teku

Askar ya tare ni a ƙofar Makka, kwandon jatan lande daga Jidda a kan jakina, rana tana neman ruɓar da shi. Wai sabuwar doka, ba mai kamawa ya sayar sai da takardar izini.

Ni da na tako daga Katsina, shekara bakwai, takarda ce za ta tsayar da ni? Da guntun Larabcina na ce, "Fara ce, ya sidi. Dubi ƙafafunta!"

Ya daɗe yana kallo. 

Sai ya ce da Hausa tsantsa, "Baba, da suyar fara uwata ta raine ni. Wuce. Amma gobe farar nan ta zo da takardarta."