Tambayar da Ba Ta Cikin Gajeriyar Takarda

Shekara talatin da biyu Mai Agogo ya yi yana gyara a bakin kasuwa, yana tsince kusoshin da wasu ko ganinsu ba sa yi. Da ciwon dajin hanji ya kama shi, aka yi masa aiki, aka ɗora shi a kan ƙarin ruwan magani duk bayan mako biyu. Bayan rai, abu ɗaya yake roƙon Allah, ya koma kan sana'arsa.

A sashensu na asibiti, kafin majiyyaci ya ga likita, sai an cika masa takardar tambayoyi a kan yadda jikinsa da rayuwarsa suke tafiya. Iri biyu aka kawo. Ɗaya shafi huɗu ce, an tsara ta don masu karɓar irin wannan magani. Ɗayar shafi guda, tambaya bakwai, ta kowa da kowa. Babbar nas ta dubi layin da ya kai har bakin matakala, ta zaɓi gajeriyar. Ba don mugunta ba. So take kowa ya koma gida da wuri, har da ita.

Da layi ya zo kan Mai Agogo, nas ta tambaye shi, "Baba, kana cin abinci?"

"Har 'yata tana cewa zan talauta ta."

"Akwai inda yake maka ciwo?"

Tun ƙarin ruwa na huɗu yake jin kamar kiyashi na yawo a kan yatsunsa. Amma ai wannan ba ciwo ba ne. Ya ce, "Babu."

Irin dattijan nan ne masu ganin rashin ta-ido ne ka ba likita amsar da bai nema ba. Ran da kofin shayi ya suɓuce masa, 'yarsa ta ce, "Baba, don Allah ka faɗa musu mana."

"Ke dai bari. Masu ilimi ne suka rubuta takardar nan. Da abin damuwa ne, da sun sa shi a ciki."

Haka aka yi ta cikawa har ƙarin ruwa na goma sha biyu, kullum takardarsa tana cewa lafiya lau.

Ranar da likita ta yi masa albishir cewa ba a ga sauran ciwon ba, ta miƙa masa biro ya sa hannu. Biron ya faɗi. Ya ɗauka, ya sake faɗuwa. Ta kama yatsunsa ta matsa.

"Kana jin wannan?"

"Ina dai ganin kina taɓawa."

"Tun yaushe, Baba?"

"Wata huɗu ke nan."

"Subhanallahi! Maganin ne yake cin jijiyoyin. Da mun sani, da mun rage shi tun lokacin. Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Ba a tambaye ni ba, likita."

Ta jawo doguwar takardar daga durowa, ta kira babbar nas. Ga shi nan a shafi na uku: Kana jin yatsunka suna mutuwa? Kana iya sa maɓallin riga? Nas ɗin ta karanta, ta kasa ɗaga kai.

Shekara ta zagayo, yatsun ba su dawo ba. Wata safiya wani tsohon abokin ciniki ya biyo shi har gida da agogon mahaifinsa. Mai Agogo ya kara shi a kunne, nan take ya gane abin da ya lalace. Ya faɗa masa dalla-dalla, ya kwatanta masa shagon wani mai gyara. Da mutumin ya fita, sai ya zauna ya yi kukan da bai yi ba ko ranar da aka ce masa ciwon daji ne.

Jama'a, in za a zaɓi takardar tambayar majiyyaci, a dubi ciwonsa da maganinsa da sana'arsa, kada a dubi tsawon layi. Kai kuma majiyyaci, duk abin da ka ji a jikinka, faɗi ko ba a tambaye ka ba.