Kore da Ja a Jakar Alhaji Sumani

Da Kawu Awaisu ya zazzage 'yar jakar fatar marigayi Alhaji Sumani a kan tabarma da hantsi, dutse ɗaya ne ya faɗo, kore shar, girmansa bai fi ƙwayar gyaɗa ba.

"Ina jan?" in ji Mutawakil.

"Wane ja?" in ji ƙanwarsa Basiratu.

Mahaifinsu, Alhaji Sumani na unguwar Zogbeli, ya rasu bayan doguwar jinya, su biyun ne kuma suka yi ta. Basiratu takan zo da safe ta wuni, la'asar ta yi ta tafi sayar da tuwon zafi a unguwar Nyanshegu. Mutawakil yakan wuni yana tuƙa yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, a cikin Tamale, sai bayan magariba ya iso. Sun daɗe ba sa ga-maciji, don haka kowa ya ji daɗin wannan tsari.

Kawu Awaisu, ƙanin marigayin, ya ce kowa ya faɗi abin da ya sani.

Basiratu ta ce zumurrudu ne, Baba ya saye shi a Makka wajen wani ɗan Tanzaniya. Idan ya ɗaga shi a bakin taga, sai ka ga kamar ganyen zogale bayan ruwa. Yakan ɗora shi a kan fatar ido, ya ce yana sanyaya gani.

Mutawakil ya yi dariya. Ya ce wannan koren bai san da shi ba, bai kuma damu da shi ba. Na gasken yakutu ne, ja kamar zoɓo, kuma Baba a ƙirji yake ɗora shi saboda hawan jini. Tsohon ba ya son farin ƙwan lantarki, ya ce yana soka masa ido, sai ya kunna fitilar kalanzir ya yi ta jujjuya dutsen a gabanta, yana ƙyalli kamar garwashi.

"Nawa yana karce gilashi," in ji Basiratu.

"Nawa ma."

"Nawa yana da sanyi a hannu, da nauyi."

"Nawa ya fi."

Kawu ya tambayi girman jan. Mutawakil ya dubi koren ya ce kusan ɗaya suke, sai dai ja ya fi tsabta, ya fi tsada, ya fi magani nesa ba kusa ba. Ai kore ko a fasasshiyar kwalba ana samu.

Daga nan ya juya ga ƙanwarsa. Ya ce ita ce a ɗakin ranar da rai ya yi halinsa. Ya ce ya ga ta sake kwanon rufin shagonta. A gaban mijinta da surukanta ya kira ta ɓarauniya.

Basiratu ba ta yi kuka ba. Ta yi alwala, ta dafa Alƙur'ani ta rantse ba ta taɓa ganin jan dutse a gidan ba. Mutawakil ma ya yi alwala, ya rantse ya gan shi da idonsa ba sau ɗaya ba. Dangi suka rabu biyu. Limamin unguwa ya girgiza kai, ya ce ɗayansu ya sayi wuta da bakinsa.

"Yaya, riƙe wannan ma," in ji Basiratu, ta tura masa koren da yatsa. "Idan na mutu kada ka zo jana'izata."

Ta fita, mijinta na biye da ita. Kafin wata ya ƙare ta rufe shagon, suka koma Kumasi, saboda masu cin tuwonta sun fara nuna ta da baki.

Mutawakil ya jefa wa matarsa Hasanatu koren, ya ce ta yi abin da ta ga dama da shi. Ta kai wa maƙeri ya ɗora mata a zobe. Duk wanda ya yaba, sai mijin ya ce ai ba su ga komai ba, na kirkin yana Kumasi.

Wata ranar Laraba suna cin abinci bayan magariba, yana cikin maimaita wannan magana ga wani baƙo, aka ɗauke wuta. Hasanatu ta laluba ta kunna kyandir, ta kare harshen wutar da tafin hannu tana kawowa.

Mutawakil ya tsaya da loma a hannu.

A yatsan matarsa, koren dutsen ya koma ja kamar zoɓo.