Inda Aka Binne Cibiyar Iya Laure

Shekara uku da raba ƙasar, awarwaron shaidar zama da ke hannun Iya Laure ya koma ja, alamar an soke mata izinin zama. Mai kayan miya ya ƙi sayar mata ko da tattasai. Ta wuce ofishin baƙi a fusace.

"Iya, mahaifinki ɗan tsallaken iyaka ne," in ji ma'aikacin. "Sai kin nuna inda aka binne cibiyarki, mu tona mu gwada. In babu, kwana bakwai gare ki, ki bar ƙasar nan."

"Wa ya rushe gidanmu ya gina ofishin nan? Ba ku ba ne?"

Ya hau jujjuya takardun da ke gabansa.

Ta buga sandarta a kan siminti, daidai ƙarƙashin kujerarsa.

"Tashi ka ɗauko diga, ɗan nan! Shekara saba'in tana nan. Kai ne baƙo a kanta."