Ɓerayen Sun Bi Kiɗan Tanko

Tun da aka koya wa ɓeraye rarrabe kiɗa, aka daina sa guba a rumbu. Makaɗi ake kira ya buga taken fita, su fito a jere.

Baba Jatau ya buga a bakin rumbun Inna Kande har ya jiƙe da gumi. Ko ɗaya bai leƙo ba.

"Baba, hannunka na rawa," in ji ta. "Bari a kira Tanko."

"Tankon da na koya wa rataya kalangu?"

Tanko na taɓa fata, ɓeraye suka bulbulo.

Jatau ya koma gida yana huci, ya zuba wa ɓeran da yake kiwo tsakin hatsi. Can aka jiyo kalangun Tanko daga nesa. Ɓeran ya ɗaga kunne, ya bar tsakin, ya fice.