Ciniki a Ƙofar Ɗakin Tiyata

"Sai an biya za a shiga da Mama tiyata," in ji nas.

Yayana ya rantse ba shi da ko sisi, ya zauna gefena yana danna waya. Na buɗe manhajar da nake ɓoye 'yan kuɗina na intanet, wato kirifto, inda kowa ke ciniki da sunan bogi. Na sa su a kasuwa, mutum ɗaya ne ya taya, rabin farashi.

"Don Allah a ƙara, mahaifiyata ce rai a hannun Allah," na rubuta.

"Kowa haka yake cewa. In an sallama, a turo asusu."

Na tura sunana da lambar asusuna.

Yaya ya daina danna waya. A hankali ya ɗago ya dube ni.

"Auta... ke ce?"