Gudumar Likitocin Farko

Gobe za a dasa mini 'yar ƙwayar na'ura a bayan kunne, wadda doka ta wajabta wa duk ɗan shekara saba'in, wai maganin mantuwa da rawar hannu. An dasa wa matata Tabawa tata bara. Na kasa zaman gida, sai na ja ta zuwa gidan tarihin likitocin ƙwaƙwalwa.

A can na ga wata 'yar gudumar roba. Mai gadi ya ce da ita likitocin farko suke ƙwanƙwasa gwiwa, in ƙafa ta zabura su san jijiya na raye. Na roƙe shi ya ara mini. Na zauna na ƙwanƙwasa tawa, ƙafar ta yi tsalle kamar ɗan akuya.

"Tabawa, kawo taki."

"Kai, Malam, tsufa bai raba ka da wasa ba?"

Sau uku na buga. Ƙafarta ko motsi ba ta yi ba.

Ta dafa ni da hannun da ya daina rawa, tana murmushin nan da bai sauka ba tun bara.

"Kwantar da hankalinka, Malam. Gobe kai ma za ka huta."