Dattijon da Ba Ya Rawa

Wannan Lahadin ma ya zo. Odessa ta hango shi ta saman na'urorinta, ya jingina da ginshiƙin nan na bakin ƙofa, da doguwar kwat mai ruwan toka, dusar ƙanƙara na narkewa a kafaɗunsa. Dattijo ne fari fat da furfura, a tsakiyar yaran da ya yi jika da su.

Su biyu ne kacal a ƙungiyar kiɗan, Odessa da Lamont. Lamont na dukan ganga da tsofaffin ƙarafan mota, ita kuma tana yanka muryoyin da ta tsinto a kaset-kaset na gwanjo, tana jera su a kan kiɗan. A wani tsohon sito na gabashin birnin Detroit a Amurka suke wasa, da la'asar, don maƙwabta sun hana su dare. Ba su da takardar izini. A saman siton kuma Odessa take kwana, ita da katifarta da ɗan risho.

"Wallahi ɗan hukuma ne," in ji Lamont, yana ɗaure ganga. "Dubi takalminsa. Wa ke zuwa rawa da takalmin jana'iza?"

"To me yake jira bai rufe mu ba?"

"Shaida yake tarawa, 'yar gari. Ni dai na kusa tafiya. Ke za a watso wa kaya a titi."

Gaskiya ya faɗa. Ya sami aiki a Atlanta, yau ne wasansu na ƙarshe. Ganga ba mai bugawa, sito ba tabbas. Odessa ta rasa wanne za ta fara tunani.

Dattijon bai taɓa rawa ba, bai taɓa sayen ko ruwa ba. Yakan tsaya har su zo kan kiɗan da ya yi musu suna, wanda ta gina da muryar wata mata daga tsohuwar na'urar ɗaukar saƙon tarho: "Ka dawo gida, ban yi fushi ba." Yara su yi ta tsalle suna maimaitawa kamar ba'a. Shi kuwa sai ya cire hula, ya runtse ido. Hayaniya ce ta dame shi, in ji Lamont. Ana gamawa ya fice.

Yau da suka iso kan kiɗan nan, Lamont ya ɗaga sanda yana jiranta. Ta dubi maɓallin, ta kasa dannawa. Tun da ta bar gidan uwarta babu wanda ya taɓa ce mata ta dawo, ga shi Lamont, mutum ɗayan da ya rage mata, shi ma ya haɗa jaka. Ta tsallake zuwa na gaba.

Aka tashi, siton ya watse, saura kofunan roba a ƙasa. Lamont ya tafi kawo mota. A karon farko dattijon bai fita ba. Ya tako a hankali har gaban teburinta.

"Yallaɓai, in rufewa za ku yi, ku bar ni zuwa ƙarshen wata. Ba ni da inda zan je."

"Rufe me, 'yata? Ni mai gadin motoci ne a tsallaken titi. Ta bango na fara jiyo ku." Ya murza hular a hannunsa. "Yau ba ki saka matar nan ba."

"Na gaji da ita, Baba. Ban ma san ko wace ce ba."

Ya juya ya kalli lasifikar.

"Lorraine sunanta, matata ce. Mun yi faɗa, na bar gida na kama ɗaki, har na tashi daga ɗakin ban danna na'urar ɗaukar saƙon da ke ciki ba. Sai da na ji muryarta a wajenku na san ta kira ni. Har ta mutu ina zaton ba ta neme ni ba."